Hawa Jirgin Cikin Garin Riyad: Jagora Daga Ƙofar Gida Zuwa Ƙofar Aiki

Duk wanda ya zauna a Riyad kafin ƙarshen 2024 ya san cewa marar mota a garin nan tamkar tsuntsun da aka fige wa fiffike yake. Gari ne mai faɗin gaske, wanda a ƙidayar 2022 mutanensa suka kusa miliyan 7, kuma an shimfiɗa titunansa ne domin mota. Mu Hausawan da ke zaune a nan, ɗalibai ne ko masu aikin asibiti, masu tsaron shago ne ko mata masu aikin gida, yawancinmu ba mu da abin hawa na kanmu. Kuɗin tasi ya cinye mana abin da ya kamata mu aika gida. Wasunmu suka koma shiga motocin kaddad, wato kabu-kabun da ba su da lasisi, alhali doka ta hana, kuma idan wani abu ya faru a hanya ba ka da wanda za ka riƙe.

Ranar 1 ga Disamba 2024 aka buɗe wa jama'a jirgin cikin gari, wanda kowa a nan ke kira mitro, bayan aikin da aka fara tun 2014. Layi shida ne, tsawonsu kilomita 176, tashoshi 85, kuma babu direba a ciki, na'ura ce ke tafiyar da shi. Amma har yau ina haɗuwa da 'yan uwa da suke biyan tasi a tafiya ɗaya abin da zai ishe su zirga-zirgar mako guda a jirgi, don kawai ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda abin yake. Hawa jirgin kansa ba wuya. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne kafin su isa tasha da bayan sun fito daga cikinta, sai kuma wajen zaɓen tikiti. A nan zan fi tsayawa.

Fara da sanin layinka, kuma ka riƙe lambarsa

Kowane layi yana da launi da lamba. Shawarata ka riƙe lambar, ka kuma koyi sunan launin da Larabci, domin idan ka rikice a tasha da Larabci za ka yi tambaya. Layi na 1 shuɗi ne, azraƙ. Na 2 ja, ahmar. Na 3 ruwan lemo, burtuƙali. Na 4 rawaya, asfar. Na 5 kore, akhdar. Na 6 shunayya, banafsaji.

Layi na 1 shi ne ƙashin bayan garin, kuma shi ne namu. Ya taso daga arewa ya biyo Olaya, inda manyan ofisoshi da dogayen gine-gine suke, ya gangara har Darul Baida a kudu, tafiyar kilomita 38. A kansa za ka sami tashar Jawazat, wato ofishin fasfo, da ta Gidan Tarihi na Ƙasa, da Batha inda muke zuwa aika kuɗi da sayen waya da tsaraba, da Ƙasrul Hukum kusa da masallacin Imam Turki bin Abdullah da tsohuwar ganuwar Masmak da kasuwar Zal. Daga nan sai Ud, Manfuha, asibitin Iman, da tashar Cibiyar Sufuri ta Aziziyya, inda manyan motocin zuwa wasu garuruwa ke lodi. Mai niyyar Umra ta mota, wannan tashar ya kamata ya fara haddacewa.

Layi na 2 ya bi titin Sarki Abdullah, daga Jami'ar Sarki Sa'ud a yamma zuwa filin wasa na Sarki Fahad a gabas. Ɗalibanmu na jami'ar sun san shi sarai. Layi na 3 ya fi kowanne tsawo, ya ɗan haura kilomita 40, ya ratsa tsohon gari daga yamma zuwa gabas, kuma yana tsayawa a tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dammam. Shi aka buɗe a ƙarshe, ranar 5 ga Janairu 2025. Layi na 4 shi ke zuwa filin jirgin sama na Sarki Khalid. Na 5 gajere ne, ya bi titin Sarki Abdul'aziz ta unguwar ma'aikatun gwamnati. Na 6 ya taso daga cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah ya zagaya gabas zuwa Nasim.

Ba sai ka haddace tashoshi 85 ba. Uku kawai ka rubuta a wayarka: tasha mafi kusa da gidanka, tasha mafi kusa da inda za ka, da wadda za ka canza layi idan akwai canji.

Auna tafiyar ƙafa kafin ka dogara da jirgi

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke sa su yi fushi da jirgin bayan kwana uku. A taswira tasha takan yi kamar a bayan gidanka take. Ka fito sai ka tarar akwai babban titi mai hannu huɗu tsakaninku, ba gadar masu tafiya a ƙasa, sai ka yi dogon zagaye. A watan Janairu wannan motsa jiki ne. A watan Yuli, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kwalta ke huci kamar bakin murhu, tafiyar minti ashirin tana iya kwantar da mutum.

Don haka ka ware rana guda da ba ka da aiki, ka taka daga ƙofar gidanka zuwa tashar, kana duba agogo. Ka lura da inda inuwa take da safe, da inda ake tsallaka titi ba tare da kasada ba. Idan tafiyar ba ta wuce minti goma ba, ka gode wa Allah. Idan ta kai minti ashirin, nemi bas.

Motocin bas na Riyad sun riga jirgin fara aiki, tun watan Maris 2023, kuma an tsara da yawa daga cikinsu ne don su kwaso mutane daga cikin unguwanni su kai su tashoshin jirgi. Sauke manhajar darb a wayarka, ka rubuta inda kake da inda za ka, za ta nuna maka lambar bas da wurin tsayawarta da layin jirgin da za ka haɗa da shi. Abin da ya fi muhimmanci: tikiti ɗaya ne na bas da na jirgi. Ba a miƙa wa direban bas kuɗi a hannu, kati ko waya ake ɗorawa a kan na'urar da ke bakin ƙofa. Kuma bas a tasharta kaɗai take tsayawa. Ɗaga hannu a tsakiyar titi irin na 'yan Hiace ɗin gida ba zai tsayar da ita ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce bas tana bin titi ɗaya da sauran motoci, zahma, wato cunkoson motoci, tana kama ta kamar kowa, ban da manyan hanyoyin da aka keɓe mata layinta. Jirgi kan zo bayan 'yan mintoci, bas kuwa wani lokacin sai ka yi haƙuri. Ka ƙara minti goma sha biyar a lissafinka saboda ita. Mai mota kuma da ya gaji da cunkoson Olaya, wasu tashoshin suna da filin ajiye motoci: ka ajiye, ka hau jirgi, ka dawo ka ɗauka.

Zaɓi tikiti da lissafi

Hanyoyin biya uku ne. Akwai katin darb, wanda ake saya riyal 10 a na'urar sayar da tikiti ko a ofishin tasha, sannan a zuba masa kuɗi. Akwai manhajar darb, wadda ke ba ka tikiti a fuskar waya ka nuna wa na'ura. Akwai kuma katin banki irin wanda ake ɗorawa ba tare da an zura shi ba, ko wayar da ka haɗa da katin. Wanda bai buɗe asusun banki ba tukuna, kamar sabon zuwa ko baƙon da ya zo ziyara, katin darb ne nasa.

Farashin da aka buɗe da shi na kujerun gama-gari shi ne riyal 4 na awa biyu, riyal 20 na kwana uku, riyal 40 na kwana bakwai, riyal 140 na kwana talatin. Taragon alfarma, darajatul ula, riyal 10 ne na awa biyu, na wata kuma 350.

Ka fahimci ma'anar awa biyun nan da kyau. Ba kuɗin nisa kake biya ba, lokaci ka saya. Daga sa'ar da ka fara ɗora katinka, kana da awa biyu ka hau bas, ka sauka, ka hau jirgi, ka canza layi, ka sake hawa wata bas, duk a riyal 4 ɗin nan. Mutumin Manfuha da zai je Batha ya aika kuɗi ya juyo, idan bai tsaya hira ba, tikiti ɗaya ya ishe shi zuwa da dawowa.

Ga lissafin ma'aikaci. Zuwa da dawowa riyal 8 a rana. Kwana 22 na aiki a wata ya zama riyal 176. Tikitin wata 140 ne, ka ga ka tsira da 36, kuma duk yawon Juma'a da Asabar ya zama kyauta. Ma'aunin shi ne tafiya 35: idan kana hawa fiye da haka a wata, sayi na wata, idan ba ka kaiwa, biya ɗaya-ɗaya. Na mako yana biyan kansa a tafiya goma, na kwana uku a tafiya biyar, kuma su suka dace da baƙon da ya zo maka na ɗan lokaci. Direban gida ko mai aikin gida da ke fita rana ɗaya a mako, kada wani ya ruɗe shi da tikitin wata, asara ce.

Yara 'yan ƙasa da shekara 6 ba sa biya. Akwai kuma rangwamen rabin kuɗi ga wasu rukunai, ciki har da ɗalibai da masu shekara 60 zuwa sama da masu naƙasa. Ba ya zuwa da kansa, sai an yi rajista. Ɗalibi ya ɗauki iƙamarsa, wato katin izinin zama, da shaidar makaranta ya je ofishin tikiti a duba masa. Na san da yawa da suka yi watanni suna biyan cikakken kuɗi saboda ƙyuyar wannan tafiya ɗaya.

Abu biyu game da katin banki. Kowane mutum da nasa: ba za ka ɗora kati ɗaya ka wuce da matarka da ƙaninka ba. Sannan abin da ka shiga da shi, da shi za ka ci gaba har ka fita. Idan da waya ka shiga, kada ka fita da katin roba.

A cikin tasha

Ɗora katinka a ƙofar shiga, ta buɗe, ka wuce. Kada ka cusa shi can ƙasan jaka, domin za ka sake buƙatarsa wajen fita.

Yanzu sai alƙibla. Allunan ba sa cewa arewa ko kudu, sunan tashar ƙarshe suke rubutawa. A layi na 1, mai zuwa kudu zai bi allon Darul Baida, mai zuwa arewa ya bi na bankin SAB. Kafin ka sauka kan dandamali ka tambayi kanka: tashata tana wajen wace ƙarshen? Kalmar Larabcin ita ce ittijah. Ka ce wa ma'aikaci "ittijah Batha?" zai nuna maka da hannu. Rubutun allunan da sanarwar cikin jirgi da Larabci da Turanci suke.

Taragon kashi uku ne, kuma an rubuta a ƙasa da jikin ƙofofin gilashin dandamali: na alfarma, na iyali wato a'ilat, da na ɗaiɗaikun maza wato afrad. Namiji shi kaɗai ya tsaya a afrad. Mace, ko ita kaɗai ce ko da yara, ta shiga a'ilat, haka ma namijin da ke tare da iyalinsa. 'Yar uwa, wannan ɓangaren naki ne, ba sai kin jira wani ya raka ki ba, kuma ya fi miki kwanciyar hankali nesa ba kusa ba a kan shiga motar mutumin da ba ki sani ba. Kada kowa ya zauna a na alfarma da tikitin riyal 4 don ya ga kujera a sake; masu dubawa suna zagayawa, kuma akwai tara. Haka cin abinci a ciki, da shan taba, da ɗora ƙafa a kan kujera.

Wata safiya a tashar Manfuha na ga wani dattijo da hula zanna ya tsaya nesa da ƙofar gilashi, carbi a hannu, jirgi biyu sun zo sun wuce bai shiga ba. Na matsa na gaishe shi.

"Baba, ina zuwa?"

"Batha, ɗana. Amma an ce mini abin nan ba mai tuƙa shi. Idan ƙofar ta kama mini riga fa, wa zan yi wa magana?"

"Ba za ta kama ba, Baba, in dai ba a yi gaggawa ba. Tana yin ƙara kafin ta rufe. In ka ji ƙarar ba ka shiga ba, ka bar shi ya tafi, wani na nan tafe."

Na riƙe masa leda muka shiga tare. Wani saurayi ya tashi ya ba shi kujera. Na nuna masa allon da ke saman ƙofa yana ƙirga tashoshi: Sukairina, Ud, Ƙasrul Hukum, Batha. Da muka isa ya dube ni ya ce, "Har mun zo? Allah Ya yi maka albarka." Abin da na gaya masa shi zan gaya wa kowa: kada ka sa hannu ko jaka don tare ƙofa, kuma ka bari masu sauka su fito tukuna. Mai tsoron matakalar nan mai tafiya da kanta, ko mai keken jariri ko babban akwati, ya nemi lif, kowace tasha tana da shi.

Canjin layi, da tarkon hanyar filin jirgi

Wajen canza layi ba ka fita daga tasha, ba ka sake biya. Ka sauka, ka bi launi da lambar sabon layin a alluna. Layi na 1 yana haɗuwa da na 2 a tashar STC, da na 5 a Gidan Tarihi, da na 3 a Ƙasrul Hukum, da na 4 da na 6 a tashar KAFD, wato cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, ginin nan mai kama da tudun rairayi da kamfanin marigayiya Zaha Hadid ya zana. Na 2 da na 5 suna haɗuwa a Ma'aikatar Ilimi, na 2 da na 6 a Hamra, na 3 da na 6 a Nasim. Manyan tashoshin nan hawa-hawa ne, canji kan ci minti biyar ko fiye, ka sa shi a lissafi.

Ga inda na taɓa faɗawa. Daga KAFD, layi na 4 da na 6 hanya ɗaya suke bi har tashar SABIC, sannan su rabu: na 4 ya miƙe zuwa Jami'ar Gimbiya Nura da filin jirgi, na 6 ya karkata zuwa Nasim. Ranar da zan taro mahaifiyata, hankalina yana kan waya ina duba ko jirginsu ya sauka, na shiga wanda ya fara zuwa. Sai da na ji an ambaci tashar da ban sani ba na ɗaga kai. Kafin in sauka in juyo in kama na daidai, Hajiya ta daɗe zaune a kan akwatinta, ba layin waya, ba Larabci, tana duban fuskar duk wanda ya wuce. Har yau ina jin nauyin wannan jiran. Ka karanta abin da aka rubuta a allon dandamali kafin ka shiga. Idan ka riga ka yi kuskuren, sauka a SABIC ko kafin ta, ka tsaya a wurin ka jira na filin jirgi. Sannan tashoshin filin jirgin uku ne, ta zaure na 5, ta 3 da 4, da ta 1 da 2. Duba lambar zauren a tikitin jirgin sama tun daga gida.

Fita

Babbar tasha tana da mafita fiye da ɗaya, kuma a titi irin na Olaya ko na Sarki Abdullah, fita ta ɓangaren da ba naka ba na nufin ka koma ciki ko ka yi zagaye cikin rana. Tsaya ka dubi taswirar unguwa da ke kusa da ƙofa. Ranar farko da ka dace da mafitar da ta fi kusa da wurin aikinka, rubuta ta. Idan akwai bas a gaba, duba agogo ka ga ko awa biyunka ba su cika ba.

Jirgin yana aiki daga sassafe zuwa tsakar dare, ranar Juma'a ana jinkirta buɗewa, a watan azumi kuma akan sauya lokutan saboda garin da dare yake rayuwa. Mai aikin dare ya duba manhaja ya san lokacin jirgin ƙarshe a tasharsa, musamman idan akwai canjin layi a gabansa, don kada na farko ya kai shi tsakiyar gari ya tarar na biyu ya tashi. Daga Lahadi zuwa Alhamis, da safe da kuma bayan la'asar, ɓangaren afrad a layi na 1 yakan cika maƙil. In kana da hali ka riga taron da rabin awa.

Akwai wuraren da jirgin bai kai ba. Bai shiga Unguwar Jakadu ba, don haka mai zuwa ofishin jakadanci sai ya ƙarasa da bas ko tasi. A irin wannan, dabarar ita ce ka ci mafi yawan nisan da jirgi, ka kira tasin manhaja daga tasha mafi kusa. Guntun da ya rage kuɗinsa kaɗan ne, kuma motar tana da rajista.

Idan kwantiragin hayarka ya kusa ƙarewa, ko kana nema wa sabon zuwa ɗaki, sa tasha cikin abin da za ka tambaya tare da ruwa da wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗakin da ya fi araha da riyal ɗari amma sai ka hau tasi kullum kafin ka kai jirgi, ya fi tsada. Kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami, ka je unguwar da azahar, ka taka daga ƙofar ɗakin zuwa tasha da ƙafarka, ka ga minti nawa ne.